Muryar da ke cikin ampilin Yaya

Ampilin masallacin ƙauyenmu, wato na'urar ƙara murya, yayana ne ya haɗa shi da hannunsa. Ƙauyen yana gefen Yekuwa, babu kuran, wato wutar lantarki, sai batirin mota da pano mai kama hasken rana a kan rufin kwano. Yaya bai yi nisa a lakwal, makarantar boko, ba, amma duk rediyon da ya mutu a yankin, gidanmu ake kawo gawarsa. A cikin gawarwakin nan ya tsinci kayan aikin. Ya yanke gindin tsohuwar tukunyar alminiyon ya ɗaura transisto a kai don kada su yi zafi, ya jera komai cikin akwatin katako. Ranar da aka fara kiran salla da shi, har masu shayar da shanu a bakin rijiya suka ji. A wurinsa na koyi riƙe ƙarfen dalma, da shi nake cin abinci yau a rumfata ta gyaran waya a kasuwar Dungas.

Da damina ta ƙi, ta sake ƙi, sai Yaya ya hau kamyo, babbar motar kaya, zuwa Agadas da niyyar Aljeriya. Ya kira daga Arlit ya ce gobe za su shiga sahara. Shi ke nan. Cikin waɗanda suka dawo, wani ya ce ya gan shi yana aikin gini, wani ya ce motarsu ce ta lalace a hanya. Babu gawa, babu labari, don haka ba a yi zaman makoki ba, ba a kuma daina jira ba. Shekaru suka yi ta wucewa a haka.

Shi ne ɗan farin Inna. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, "wancan" take cewa. Idan wani ya dawo daga arewa aka zagaye shi da tambaya, ita sai ta tashi ta je ba awaki dusa. Kunyar ɗan fari ke nan, haka ta gada daga uwarta. Ni kam abin yana ƙona min rai. Na sha ce mata, "Inna, ɗanki ne fa, ba surukinki ba." Sai ta ce in rufe mata baki.

Wata shekara da kaka liman ya aiko ɗan kabu-kabu har rumfata, wai in zo, ampili yana magana shi kaɗai. Na yi tsaki. Mutanen ƙauyenmu ko akuya ce ta yi atishawa sai sun ce aljani ne. Na ɗauki mitar gwada wuta da ƙarfen dalma na tafi, na isa gab da magariba.

Ina tsaye a ƙofar masallaci ladan ya kunna. Bai kai bakinsa ga makirufo ba sai wata murya ta sauko daga lasifikar da ke kan rufi. Muryar namiji ce, ƙasa-ƙasa, da Larabci, tana matsowa tana ja da baya, kamar mai magana a cikin rijiya. Ni da nake buɗe cikin rediyo kullum, wallahi sai da na tsorata. Na san akwai dalili, amma akwatin nan ko'ina a jikinsa aikin hannun Yaya ne, har tabon da ƙarfensa ya ƙona katakon.

Bayan salla liman ya ja ni gefe. Ya ce, "Ni ban ce aljani ba ne. Amma shekaranjiya mace ce ta yi waƙa a kan masallaci tsakanin kira da iƙama. Ko ka gyara, ko mu cire mu sayo wani a Magariya."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ba ni kwana biyu."

Gidanmu katanga ɗaya ce ta raba shi da masallaci. Da na shiga na tarar da tabarmar Inna a jikin katangar, kusa da turken awaki, wurin da babu mai zama saboda wari. Ƙanwata ce ta raɗa min cewa tun da muryar ta fara, nan Inna ke zama kowace yamma da ƙwaryar gyaɗa tana ɓara. Da an kunna sai hannunta ya tsaya. Har fura take aika wa ladan don ya riƙa kunnawa da wuri. Ba ta gaya wa kowa dalili ba, kuma babu wanda ya yi ƙarfin halin tambaya.

Washegari na zauna da akwatin. Batir lafiya lau. Na cire lasifikar rufi na sa 'yar ƙarama tawa don kada in tara gari. Da rana babu komai sai gurnani, muryar ba ta zuwa sai rana ta yi sanyi, dole na jira. Da ta zo, na rage ƙara, ta ragu. Na kama wayar makirufo da hannu, ta ƙaru. Ashe lokacin da aka faɗaɗa masallaci, Yaya ya ƙara wa wayar tsawo da waya ta banza, ya bi da ita ƙarƙashin kwano tun daga ƙofa har gaban liman. Ita ce ta zama eriya. Na haska inda wayar ke shiga akwatin, sai ga dalmar wurin ta yi kore, ta tsage, wayar mas kuma, mai kare shi daga kamo hayaniya, saura siriri kamar gashi ke riƙe da ita. Doguwar waya tana kamo wata tashar nesa, ruɓaɓɓen haɗin nan yana mai da ita magana. Aikin ɗigon dalma guda ne. Na rufe akwatin ban taɓa ba.

Na ɗauki ƙaramin rediyo na sami Inna a gindin katanga. Na yi ta murɗawa har na kamo tashar, ga muryar nan tar.

Na ce, "Kin ji? Labarai yake karantawa. Rediyo ne, Inna."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani rediyo ne. Ka ɗauke ni mahaukaciya?"

"To me kike saurare? Larabcinki bai wuce na salla ba."

Ta ɓare gyaɗa ta jefa a ƙwarya. "Masallatai nawa ne a ƙasar nan, kowanne da ampilinsa? Wanne ne ya kamo yaren inda wancan ya tafi? Nasa ne kawai." Ta ƙara da cewa, "Abin da hannunsa ya yi yana jiyo inda yake. Da ba ya nan, me zai jiyo?"

Ina da amsa, amsa mai kyau ma, ta waya da dalma. Na haɗiye ta. Tun tafiyar Yaya, wannan ce magana mafi tsawo da ta yi a kansa, kuma na gane da wannan muryar take riƙe da ransa. Tausayinta ya kama ni har na ji haushin kaina da rediyon da na kawo.

Sai dabara ta zo min, na kuma ɗauka na fi kowa wayo. Masallaci ya sami sabon ampili, Inna ta sami tsohon. Na koma Dungas na haɗa sabo, da waya mai rufi wadda ba ta kamo komai. Liman bai yi musu ba, ya ce, "Kayan ɗan'uwanka ne, ɗauka." Na zare wayar makirufo a hankali, na rungumi akwatin kamar mai ɗauke da ƙwai, na zagayo da shi gida. Na ja waya daga zaure zuwa bishiyar bedi, wato dogon yaro, na haɗa batir da 'yar lasifika, na ajiye a gefen tabarmarta.

Yamma ta yi, babu komai sai gurnani.

Na ce waya ce ta yi gajarta, na ƙara. Na ɗaura ta a kwanon ɗakin Inna. Shiru. Da na buɗe akwatin na haska, sai na ga abin da ya faru. Koren dalmar nan ta zube ta zama gari a ƙasan katako, siririyar wayar ta tsinke. Zare makirufon da na yi ne ya ƙarasa ta. Na hura gawayi, na ɗora ƙarfe, na haɗa wurin. Ampili ya tashi garau, ko gurnanin babu, ya fi ranar da Yaya ya gama shi.

Daga nan na shiga aikin da ban taɓa yi ba a rayuwata, neman ɓata abu da gangan. Na sake haɗin da ƙarfe mai sanyi don dalmar ta ƙi kamawa. Na bar wayar tana lilo. Na ɗiga ruwan gishiri na shanya a rana don ya ci wurin. Na mayar da akwatin masallaci, na haɗa da tsohuwar wayar da ke ƙarƙashin kwano, daidai inda yake a da. Ko tari bai yi ba. Gyara aka koya min, babu wanda ya koya min ɓatawa, kuma abin da damina da zafi suka yi shekaru suna ci ba zan yi shi da hannu a mako ba. Rumfata tana rufe, masu waya suna ta nemana, ni ina tsugune gaban murhu ina zagin dalma kamar ita ta yi min laifi.

Duk yamma Inna tana kan tabarmarta. Ba ta ce min me ya faru ba, ba ta ce na ɓata ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Ƙanwata ta same ni a zaure ta ce, "Yaya ƙarami, ka ɓoye rediyon nan a cikin akwatin mana. Wa zai sani?" Ban kai ga amsawa ba muryar Inna ta fito daga bayan zana: "Kada ku yi min wasan yara."

Yammar ƙarshe na kunna mata, muka zauna mu biyu. Awaki suna tuƙa. Lasifikar tana fitar da wani siririn huci, alamar dai a kunne take. Na kasa kunne har na fara jin abin da babu, sau da yawa na ɗauka ga muryar nan tafe, ashe jinin kunnena ne. Rana ta faɗi. Ladan ya kira magariba da sabon ampilina, murya tas, har bakin rijiya.

Inna ta kaɗe ɓawon gyaɗa daga zaninta. Ta ce, "Kashe, kada batir ya ƙare a banza."

Na kashe.

Na ɗauki buta zan fita, ta ce, "In an idar, ka gaya wa Malam gobe da safe a taru a yi wa wancan addu'a."

Na ce, "Inna, ki bari in sake gwadawa. Akwai wani a Magariya da ya fi ni sani."

"Ka ji abin da na ce."

Da safe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Na zauna a zaure, maza suna shigowa suna ba ni hannu, "Allah ya jiƙansa, Allah ya ba da haƙuri," ni ina amin da bakin da bai yarda ba. A cikin gida Inna ta auno gero da kanta ta wanke, ta zuba a turmi don gumbar sadaka. Matan unguwa suka taso za su karɓi taɓarya, don uwar mamaci ba ta daka. Ta ƙi saki. Suka roƙe ta, ƙanwata tana kuka tana riƙe mata hannu, ta ƙi. Har rana ta ɗaga ina jin dakanta daga zaure.