Rigar da Auta Ta Yanka wa Kanta

Shagon ɗinkin Gwaggo yana ƙarƙashin wani bene, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da takalma. Keke huɗu ne a ciki, sai teburin yanka, sai dogon madubi da aka jingina da bango. A nan Auta ta girma, in dai girma na sana'a ake nufi. 'Yar ƙanen Gwaggo ce, ta shigo tana shekara goma sha bakwai, ta fara da tsintar allura da ɗinka maɓalli. Yanzu tana da ashirin da biyu, kuma duk layin an san ta da abu guda: ido.

Mace za ta sako ƙafa a ƙofa, kafin ta gama sallama Auta ta raɗa wa Mai Guga awon kafaɗarta da na ƙugunta. A ɗauko tef a gwada, sai a tarar haka ɗin ne. Mai Guga, wata mai faɗin baki da ba ta iya ganin abu ta yi shiru, takan ce, "Yarinyar nan tef ta haɗiye tana jaririya."

To, abin da ba su sani ba, tef ɗin nan kusan shi kaɗai ne a cikin nata.

Ita kanta Auta ba za ta ce ga ranar da abin ya fara ba. Tana dai tuna wata mai kawo ɗinki da ta ja mata kumatu ta ce, "Auta, an fara cika ƙofa!" Aka yi dariya, har da ita. Bayan nan sai ta ga ta fara rage cokali ɗaya, sai biyu. A shago in an buɗe kuloli da rana ta ce ta ci a gida, a gida ta ce ta ci a shago. Abin mamaki, yunwar daɗi take mata, irin daɗin ɗinkin da ya tafi sak ba karkata. Ranar da ta ci kuwa, wata murya ce ke tashi a kanta, mai kama da tata amma ba tausayi, ta yini tana yi mata gori. Wani lokaci ta kasa daurewa ta ci da yawa a ɓoye, sannan ta kasa haɗa ido da kowa, kamar ta yi sata.

Takan tsaya ta tambayi kanta, don ita mai son sanin dalilin abu ce. Ga mata masu jiki suna zuwa, ta ɗaura musu tef ta ce, "Hajiya, wannan yadin zai karɓe ki," kuma har zuciyarta take faɗa. Me ya sa idon da ke yi wa kowa adalci ita kaɗai yake ƙi? Sai ta koma sa manyan riguna, tana jin sanyi ana tsakar zafi, ramin allura yana yi mata rawa. Gwaggo ta ce tsutsar ciki ce, ta sayo magani. Mai Guga kuwa cewa take, "Ki ba ni sirrin mana, 'yar nan, ni ko ruwa na sha sai ya zauna."

Gwaggo tana da doka a shagonta. Ba mai taɓa babban almakashi sai ta yanka riga da ido, ba tef, ba awo, ga wadda Gwaggo ta nuna. In rigar ta zauna, an zama mai yanka. Auta ta shekara biyar tana jiran ranar. Da ranar ta zo, Gwaggo ta shimfiɗa yadi shuɗi a tebur, ta miƙa mata alli.

"Wa zan yanka wa, Gwaggo?"

"Ke."

Gwaggo gata take ganin ta yi mata: ga jarrabawa mai sauƙi, ga sabuwar riga. Wa zai kasa sanin jikinsa?

Auta ta je gaban madubi ta dubi kanta, duban da take yi wa masu kawo ɗinki. Ta dawo ta ja alli, ta yanka, ta hau keke. Kafin la'asar ta gama. Ta shiga bayan labule ta saka, ta fito.

Mai Guga ta ajiye dutsen guga ta riƙe ciki. "La ilaha! Auta, riga kika ɗinka ko rumfa? Matso in shigo mu zauna tare!"

Kafaɗar rigar ta sauko har damtse, ƙugun kuwa sai a zuba Auta biyu a ciki. Sauran telolin suka fashe da dariya. Gwaggo ba ta yi ba. Ta kama gefen rigar ta juya, ta bi ɗinkin da yatsa. Wuya daidai, hannu daidai da kafaɗa, kalmasa kamar an ja da zare. Rigar ba ta da aibu ko ɗaya, ta wata ce kawai.

"Ku je ku sha iska," in ji ta. Da shagon ya rage su biyu, ta ce, "Wa kika yanka wa?"

"Ni, Gwaggo."

"Zo nan. Nuna min inda ƙugunki ya ƙare."

Auta ta tsaya gaban madubi ta ɗaga hannaye ta ajiye su a iska, kowanne da tazarar tafin hannu daga jikinta. Gwaggo ta zagayo bayanta, ta rage tsawo, ta leƙa ta saman kafaɗarta don ta gani daga inda take gani. Har madubin ta ɗan girgiza, ko shi ne ya lanƙwashe.

"Ikon Allah. Kuma haka kike ganin ta cikin madubin nan kullum?"

"Wata rana ta fi haka."

"In kin ci abinci?"

Auta ta sauke hannayenta. Sai hawaye. Daga nan magana ta ɓalle: kulolin rana, ƙaryar gida da ta shago, muryar nan, da tsoron da take ji in an ce za a ci abinci tare. Gwaggo ba ta yi salati ba, ba ta yi faɗa ba. Tambaya kawai take, kamar an kawo mata sabon samfurin ɗinki. Muryar tana yin barci? Da yunwa take ƙaruwa ko da ƙoshi? Shayi ma tana hanawa?

A ƙarshe ta ce, "Shekara talatin ina gyaran riga ta dace da mutum. Wannan ban iya ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Gobe za mu je wurin waɗanda suka iya."

"Almakashin fa?" in ji Auta.

"Naki ne, ranar da hannun nan ya daina rawa. Ki yanka wa duniya. Naki kayan ni zan riƙa yankawa."

Likitar, wata mai tabarau da sanyin magana, ta ce ciwo ne sananne, yana da magani, amma yana son lokaci, kuma 'yan mata da yawa na zuwa da shi. Wannan ya fi komai ba Auta mamaki. Ita duk zatonta ita ta ƙirƙiro abin.

Yanzu duk Laraba Gwaggo kan rufe kekenta su tafi asibiti tare. Da rana Auta tana zama cikin masu kuloli, wata rana ta ci rabi, wata rana cokali uku da ƙyar. Mai Guga ta daina neman sirri, ta koma ba da labarin mijinta don kada a ji ƙarar cokali. A wata na huɗu Gwaggo ta ce Auta ta miƙo hannu, ta ɗora mata allura a bayan yatsu, suka zuba ido su biyu. Allurar ba ta faɗi ba.

"To," in ji Gwaggo, ta tura mata almakashi. "Ga Hajiya can tana jira. Kada ki yi mata rumfa."