Ramuka Uku na Baba Tsaya-Haka

Baba Tsaya-Haka kowa ke ce masa, don tsawar da yake daka wa mutane ke nan kafin ya danna kyamara. Mai hoto ne, kuma wajen taurin kai ba shi da na biyu. Duniya duk ta koma hoto mai kala, shi yana nan daram a baƙi da fari. In an yi masa magana ya ce, "Kala ai kwalliya ce, ni gari nake ɗauka ba amarya ba."

A simintin ƙofar shagonsa akwai ramuka uku da ya sassaƙa da ƙusa tun yana saurayi, mazaunin ƙafafun kyamara. Duk shekara daga nan yake ɗaukar layinsu, ba ya gusawa ko taku ɗaya. Hotunan na jere a bango: ga bishiyar kan kwana, ga babu ita, ga teburin mai gyaran rediyo, ga shagon waya a gurbinsa, ga marigayiya matarsa tana tsallaka titi da goyon 'yarsu, ba ta ma san an ɗauka ba.

Sai aka zo faɗaɗa titi. 'Yar ta kwashe shi da hotunansa zuwa gidanta, katafila ta share shago da ramuka, aka malala kwalta. Abin ya ci shi ƙwarai.

"Baba, ka haƙura mana, wurin nan fa ya tafi," in ji 'yar.

"Shago dai ya tafi. Wuri kuma ina za shi?"

Da shekara ta zagayo ya saɓi kyamara, 'yar tana biye tana mita. Ya riƙe tsohon hoto yana matsawa, har dogon tankin ruwan unguwa ya zauna daidai inda yake a hoton. Ashe tsakiyar titi ne! Ya kafa kyamara abinsa. Hon ta ko'ina. Wani direban tirela ya leƙo ya ce, "Tsoho, ka gaji da duniya ne?"

"Kai yaro, a ƙofar shagona kake. Tsaya haka!"

Wallahi sai ya tsaya. Baba ya danna, sannan ya durƙusa ya zaro ƙusa daga aljihu, yana ta lalube bai ga abin bugu ba. 'Yar da ta zo janye shi ta dube shi, ta dubi layin motoci, ta ruga bakin titi ta ɗauko masa dutse.