Man da Na Shafa wa Ɗiyata da Hannuna

Ni malamar makaranta ce. Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara talatin da ɗaya, ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata, muna zaune a unguwar Arkilla ni da maigidana da ɗiyarmu ɗaya mai shekara huɗu. Baƙa ce ni, kuma ban taɓa jin haushin haka ba. Ni ce ma malamar da ke tsayar da ɗalibai bayan an tashi in yi musu faɗa kan bilicin. Matsalata guda ce tun ina budurwa a gidanmu a Tudun Wada: fatar fuskata ba ta son wargi. Da ɗari ya shigo sai kumatuna su bushe su yi furu-furu, gefen hancina ya dinga saɓa, in na yi alwalar asuba kamar an watsa mini barkono. Duk man da ke da ƙamshi ƙuraje yake fesa mini. Na gwada na kanti kala-kala, wani ya yi mini nauyi, wani ya sa ni ƙaiƙayi har cikin aji.

Yayar mijina da ke unguwar Gidan Dare tana haɗa man shafawa tana sayarwa a gida. A wani suna ta kama haɓata ta juya fuskata, ta ce wace irin mace ce ni da zan bar kaina haka alhali magani na cikin dangi. Ta ce tana da haɗi na masu fata irin tawa, kaɗanya ce da zuma da man zaitun, ba komai kuma. Na tambaye ta kai tsaye ko akwai abin bilicin a ciki, domin ta san matsayina. Ta dafa ƙirji ta rantse da Allah babu. Ta ba ni cikin wata 'yar roba fara marar rubutu ko ɗaya. Ni da ke karanta takardar maganin mura kafin in sha, na karɓi robar nan na jefa a jaka saboda yayar miji ce.

Kwana uku da fara shafawa, ƙaiƙayi ya ɗauke ɗif. Cikin mako guda fuskata ta yi laushi irin wanda ban taɓa samu ba a lokacin ɗari. Na yi ta sa mata albarka. A nan ne na yi abin da har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Ɗiyata ta gaji fatata, kumatunta sun tsage tana ta susa tana kuka in an yi mata wanka. Na ce ai kaɗanya ce da zuma. Na zaunar da ita a cinyata kullum da safe kafin ta tafi makaranta, na lakata na shafa mata, tana dariya tana cewa in ƙara. Da hannuna.

Wajen wata biyu, wata abokiyar aikina, Kirista 'yar kudancin Kaduna da muke zama tebur ɗaya a ofishin malamai, ta ja ni gefe ta ce in yi haƙuri, amma fuskata da wuyana ba launi ɗaya ba ne yanzu, kuma ɗalibai sun fara magana. Na yi mata fushi sosai. Da na koma gida na tsaya a tsakar gida da madubi cikin hasken rana, sai na ga gaskiya ta faɗa. Na yi haske, wasu siraran jijiyoyi sun fito a kumatuna. Na kira ɗiyata na duba ta, ga tabo biyu farare a kumatunta daidai inda nake shafawa. Ranar na daina. Kwana huɗu bayan nan fuskata ta kumbura, ta yi ja, ƙuraje suka feso, ruwa ma in ya taɓa sai na yi tsalle. Ɗiyata kuwa ta ƙi yarda kowa ya taɓa mata fuska. Da Inna mahaifiyata ta zo daga Tudun Wada ta gan mu, ba ta ko zauna ba ta ce, “Ke, mi kinka yi ma ɗiyar ga?”

Wannan abokiyar da na yi wa fushi ita ta sa mu a keke napep ta raka mu wurin likitan fata. Ya buɗe robar ya shinshina, ya duba mu, ya ce duk alamu sun nuna an zuba maganin kumburi mai ƙarfi a ciki, irin wanda ba a shafa wa fuska sai da umarnin likita kuma na 'yan kwanaki. Ya ce shi ne ke kashe ƙaiƙayi nan take, sannan ya sirantar da fata ya ɗauke launinta, in an daina kuma ta yi bore. Da na gaya masa tsawon lokacin da na shafa wa yarinya, ya ajiye biro ya dube ni. Na fi son da zagina ya yi.

Daga asibiti Gidan Dare na wuce. Na same ta zaune kan tabarma da babban kwano tana cuɗa man da ludayi, ga kwalayen maganin kemis an matse an zubar a bayan ƙofa. Na ɗauko ɗaya na nuna mata. Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce ai ɗan kaɗan take sawa don man ya yi aiki, kowa haka yake yi, kuma wannan ba bilicin ba ne, magani ne, don haka rantsuwarta ba ta karye ba. Ta ƙara da cewa wa ya ce in shafa wa yarinya, ita ba ta ce ba. Na ɗaga murya irin yadda ban taɓa yi wa wani babba ba, har maƙwabta suka shigo.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya zo daga baya. Dangin miji suka taru, ba don duba ɗiyata ba, don a ja mini kunne. Aka ce na yi wa babbar yaya rashin kunya, ina neman in kashe mata sana'a, in rufa asiri saboda zumunci. Maigidana ya ce shi ma abin ya yi masa ciwo, amma in yi haƙuri in je in ba ta haƙuri. Na ce ba zan je ba, kuma ban je ba. A makaranta na tsaya gaban ɗalibaina da fuskar nan na gaya musu abin da ya faru, domin na san abin da suke raɗawa. Wasu sun yarda, wasu na ga suna murmushi.

Abin da likita ya ɗora mu a kai kuwa kunya ma yake ba ni don sauƙinsa. Ruwa mai ɗumi ba mai zafi ba, sabulu marar ƙamshi, sai man shafawa marar turare da launi, a shafa tun fuska na da danshi, a ɗan ɗora basilin inda ya tsage. Duk sabon mai a fara gwada shi a bayan kunne kwana biyu. Shi ke nan. Ɗiyata ta warke cikin 'yan watanni, alhamdu lillahi. Ni na kai shekara, kuma har yanzu akwai duhu-duhu a kumatuna da bai tafi ba.

Na rubuto ne domin matar nan tana nan tana sayarwa, kuma ba ita kaɗai ba ce a garin nan. 'Yan'uwana mata, man da ba shi da rubutun abin da ke ciki kada ya hau fuskarku, ko uwarku ɗaya da mai haɗa shi. In mai ya kashe ƙaiƙayin shekaru cikin kwana uku, ku ji tsoro, kada ku yi murna. Kuma kada ku gwada komai a jikin yaro sai likita ya gani. Na koyi cewa kunyar babba ba ta kai lafiyar ɗiyata ba. Ita yayar mijina na yafe mata rantsuwar ƙarya in Allah ya yafe mata. Kaina ne har yau na kasa yafe wa.