Jar Fitilar Inna

Gyambon ƙafar Inna, mahaifiyata, ya ƙi warkewa saboda ciwon suga. Likita ya ce mu gwada wata jar fitila, wai haskenta yana zaburar da sojojin jini, kumburi ya sauka. Na kawo fitilar gidanmu a Ƙofar Dumi, na haska mata.

Inna ta taɓe baki. "Wannan ko ɗumi babu. Gashi ba zafi ai wasa ne."

Ina fita aiki, ta kara ƙafar a kaskon garwashi. Ƙafar da suga ya kashe, ina za ta ji wuta?

Har yau na ga jan haske sai raina ya ɓaci. Fitilar tana nan lafiya lau a kwalinta. Ƙafar ce aka yanke.