Disket Biyu, Aiki Ɗaya

Mun tashi da asuba daga Yamai, ni da wani abokin aikina da direba, kuma gaskiya ban san takamaiman abin da zan je yi a ƙasar Adar ba. Abin da na sani shi ne aiki ya tsaya, kuma a wuyana yake.

Ga yadda abin yake. Akwai manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, a cikinta kuma akwai ɓangaren da ke karɓar shafi ya shimfiɗa shi a allo. Masu ita suka saki rubutun da aka gina ta da shi kyauta, kowa ya taɓa. Sai wasu mutane a ƙasashe dabam-dabam, waɗanda ban taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba, suka ce a haɗu a mayar da ita ta yi aiki a kan tsarin da ke cikin tsofaffin ordinatar, wato kwamfuta, irin namu. Gayya ce, ba biya, sai dai a rubuta sunanka. Ni da karambanina na karɓo wa Nijar kaso, na miƙa wa mutum biyu. Zan kira su Iliya da Mushe Hamidu; Mushe shi ne yadda muke kiran malamin makarantar boko a Nijar. Iliya ke kula da na'urorin wani asibitin mishan kusa da Madawa, Mushe kuma tsohon malamin lissafi ne da ke aiki a Keita. Kason rabi biyu ne: mai wuya, wato zana haruffa a allo, da mai sauƙi, wato sa manhajar ta ji maɓallan rubutu. Na ce su raba tsakaninsu.

Watanni suka shuɗe, shiru. Duk wanda na kira na samu a talho sai ya ce, "Muna bisa." Shugaban gayyar kuwa ya rubuto cewa in wata ya ƙare ba mu kawo ba, zai ba wasu, a cire mu.

Hanya har Ƙonni ba laifi, ban da ramuka da shingen jandarma. Wani jandarma ya ɗaga disket ɗaya, ɗan faifan da ake ajiye aikin ordinatar a ciki, ya duba shi a rana, ya tambaye ni waƙoƙin wa ke ciki. Na fara yi masa bayanin gayyarmu, na ga idonsa ya tafi wani wuri, sai na taƙaita, ya ce mu wuce. Daga nan sai albasa. Buhu kan buhu a bakin hanya, ta yi arha har direbanmu ya cika bayan mota da ita, muka ƙarasa muna warinta.

Da la'asar muka isa asibitin. A ƙofa Fulani mata na sayar da nono, Buzaye sun durƙusar da raƙuma suna jiran marasa lafiyarsu, daga ciki kuma ana jin ma'aikata na koyon waƙar coci. Iliya ya kai ni ɗan ɗakinsa bayan ma'ajin magani, ya yaye zanen da ya rufe ordinatar da shi, ya kunna. Haruffa suka fito tsaf.

Ya ce, "Na ƙare tun kaka. Mai wuyar na ɗauka. Mushe ya manyanta, idanunai sun rage, kuma shi ya koya min lissahi a lakkol."

Na ce, "Ka gaya masa?"

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "In hwaɗa ma Mushe na ɗauke mishi aiki don ya tsuhwa? Shi zai gane da kainai."

"To me ya hana ka aiko min?"

"Nashi ni ka jira ya riga isa. Ba ni shiga gaban malamina."

Na rasa ko in yi murna ko in yi faɗa. Na karɓi disket ɗin na sa a aljihu. A raina na ce an gama, tunda saura mai sauƙi.

A Madawa muka kwana, muka ci kilishin da ya sa abokina ya yafe wa tafiyar duk laifinta. Washegari muka kama hanyar Buza, inda kwalta ta yi mana sallama. Dutse ne da jar ƙasa, mota na hawa tana sauka. Wajen Allakaye muka ɓata. Wani makiyayi ya yi mana kwatance da Hausa, ya juya ya yi wa ɗan'uwansa magana da Fulatanci suka yi dariya, har yau ina zargin mu ake yi wa. Ya ce mu bi ƙorama har ta rabu, mu ɗauki ta dama. Ƙoramar ta rabu uku.

Keita ta ba ni mamaki. Mata ne jere-jere da duwatsu a ka, suna gina shingaye a jikin tudu don tare ruwan sama, kuma inda aka ce da fako ne yanzu ga itatuwa sun kai kafaɗa. Mushe Hamidu ya tarbe mu da shayi da cuku, ya ƙi maganar aiki sai da muka sha na uku. Sannan ya sa disket ɗinsa a ordinatar.

Haruffa suka fito.

Na laluba aljihuna, don na zaci na Iliya ne ya faɗi aka tsinta. Yana nan. Na dubi abokina, shi ma ya saki baki. Na ce, "Mushe, maɓallan fa?"

Ya ce, "Wanga ai na Iliya na. Yaro na da asibiti a wuya, ga matatai ta haihu. Ni mi ni ka yi da marece in ba shan shayi ba? Sai na ɗauke mishi mai nauyin."

Mutum biyu sun kwashe watanni kowa na tausaya wa ɗan'uwansa, sun yi abu ɗaya sau biyu, ƙaramin kuma ba wanda ya taɓa. Na gaya masa komai. Ya ajiye kofin shayinsa ya tambaye ni.

"Nashi na aiki?"

Na ce yana yi.

"To shi za ka kai. Ƙaramin ni ka yin shi kamin wata ya mutu. Kak ka hwaɗa mai ka ga wanga."

Na ce a sa sunansu duka biyu. Ya ce suna biyu a kan aikin mutum ɗaya ƙarya ce. Na ce to a gwada, a ɗauki wanda ya fi. Ya girgiza kai. "Yaro ya ɗauke ma malaminai kaya, sai ka je ka ce mai malamin ya riga ya kai kayan gida? Ɗana, ba a yin haka."

Ya ba ni disket ɗin duk da haka, wai in goge in yi amfani da shi, don disket tsada gare shi.

Muka juyo ta Tawa. Mushe ya cika alkawari, direban wata motar albasa ya kawo min ƙaramin rabin kafin wata ya ƙare, na haɗa na aika. Ba a cire mu ba. Mutanen waje suka yi ta yabon Iliya, Mushe kuwa aka yi masa godiya a layi ɗaya.

Abin da tafiyar ta koya min shi ne, a wurinmu in ka ce wa mutum biyu masu kunyar juna su raba aiki, ba ka raba komai ba. Sai ka kira kowa da sunansa ka nuna masa nasa. Iliya, in wannan labarin ya iso hannunka ka gane kanka, ka yi kamar ba ka gani ba, na san ka iya.

Disket ɗin Mushe ban goge ba. Na gwada shi sau ɗaya da na dawo, kuma haruffansa sun fi waɗanda muka aika kyau da sauri. Na mayar da shi cikin akwati, har yanzu ban san ko daidai na yi ba.