Lakar da Aka Shafa wa Jif

Shekarar da maigidana ya sayi jif, sai da aka rushe zauren gidanmu kafin ta sami hanyar shiga.

Maigidana ɗan kasuwar shinkafa ne. Yana bin ƙauyukan fadama yana sayen shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, a hannun manoma, ya kawo Haɗeja a gyara, a loda zuwa Kano. Ni kuma malamar firamare ce, haifaffiyar wani ƙauye na bakin kogi, inda mahaifina ke noman shinkafa da kamun kifi. Shekara da shekaru maigidan nawa, Alhaji, yana fama da wata tsohuwar mota mai jan ciki a ƙasa, wadda ko kwatami ta gani sai ta tsaya. Duk damina sai ya dawo gida da taɓo har gwiwa yana mita. Saboda haka ranar da ya ce mini zai sayi sabuwar jif dal, irin wadda tayoyinta huɗu duka ke ja, wadda ba ruwanta da yashi ko caɓi, na yi murna har cikin raina.

"Malama," ya ce, "wahala ta ƙare. Ko tsakiyar Agusta ne, har ƙofar gidan Baba zan kai ki."

Na ce Allah ya sa albarka.

Aka kawo ta daga Kano, fara sol, doguwa, sai an ɗaga ƙafa sosai kafin a hau. Ƙofar gidan ta yi mata kaɗan. Magina suka zo suka rushe zauren da surukina marigayi yake karatu a ciki, aka sa babban get. Da aka shigo da ita sai aka ga darbejiyar tsakar gida tana zubo mata 'ya'ya, tsuntsaye kuma suna kashi a kanta. Aka sare bishiyar, aka kafa rumfar kwano. A ƙarƙashin bishiyar nan nake gyaran littattafan ɗalibaina da la'asar. Awakina uku ma sai da na rabu da su, wai za su goga ƙaho a jikin fenti.

Ledar da ta zo a kan kujerun kuwa Alhaji ya hana a cire. Da zafin bazara in ka zauna sai ta manne maka da gumi, in ka motsa ta yi wata ƙara mai ban kunya. Ga warin sabuwar roba, ga turaren da yake fesawa, ga sanyin esi. Ban taɓa shiga na fito ba tare da ciwon kai ba. 'Ya'yanmu mata biyu sai sun kakkaɓe takalma, sun nuna tafin hannu, sannan su hau.

Duk wannan na haƙura da shi. Namiji da sabon abu, na ce, zai wuce.

Abin da na kasa haɗiyewa shi ne mutanen da motar ta jawo. Da, abokan Alhaji biyu ne ke zuwa, tun na ƙuruciya, su zauna a zaure su yi ta tsokanarsa. Da zauren ya tafi su ma suka ɗauke ƙafa. Sai ga wasu fuskoki da ban sani ba, tun da hantsi sun shimfiɗa tabarma a bakin get. In ya yi tari su ce sannu, in ya yi murmushi su fashe da dariya. Babbansu wani ne mai doguwar hula, mai haƙoran goro, wanda ban taɓa sanin sana'arsa ba. Da idona na ga ya tofa yawu a madubin motar, ya goge da hannun rigarsa, yana cewa, "Ranka ya daɗe, ai irin wannan ba ta kowa ba ce." Shi ya fara sa wa Alhaji a ka cewa jama'a na son ya fito takara. Ni kuma aikina ya zama tuƙa tuwon da za a fitar musu, kwanuka su dawo a siɗe.

Motar kuwa ba ta taɓa leƙa fadama ba. Sayen shanshera ya koma hannun wakilai a kan babur. Jif sai masallacin Juma'a, sai ɗaurin aure, sai gaisuwar mutuwa, duk a kan kwalta.

Damina ta yi nisa, kogi ya cika. Wata safiya ina shirin makaranta ƙanena ya kira ni daga ƙauye. Ya ce jingar da ke tare ruwa ta karye, ruwa ya shiga gari, kowa ya koma kan tudu. Ya ce ba wannan ne ya sa ya kira ba. Baba yana da ciwon suga, kuma ya taka wani abu a cikin ruwa wajen fitar da kaya. Ƙafar ta kumbura, ta fara wari, zazzaɓi ya rufe shi.

"Yaya, ki zo da mota," ya ce. "Hanyar burji ta jiƙe, amma a-kori-kura na bi. Ku tsaya a bakin ruwa, mu fito da shi a kwalekwale."

Na sami Alhaji a ƙarƙashin rumfa yana duba tayoyi. Na faɗa masa. Ya yi salati, ya yi wa Baba addu'a, sannan ya juya yana kallon motar.

"Malama, kin san irin waɗannan motocin na zamani. In ruwa ya taɓa wayoyinta, babu mai gyara ta a garin nan."

"Alhaji, ba don irin wannan hanyar aka yi ta ba?"

"Don ita aka yi ta. Amma ba irin ruwan bana ba."

"Tsofaffin a-kori-kura suna bi."

"Su ai ba su da abin asara."

Ya sa hannu a aljihu ya miƙo mini kuɗi, ya ce in ɗauki shatar mota. Ta bayan get na ji muryar mai doguwar hula, ashe yana saurare: "Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Hajiya ta yi haƙuri, mata ba su san inji ba." Na karɓi kuɗin, domin ina bukatarsu, na yafa mayafi na fita ta gabansu ban kalli kowa ba.

Adaidaita ta kai ni ƙarshen kwalta. A nan na sami wata a-kori-kura ta masu fataucin kifi, ƙofarta ɗaure da igiya. Muka kama hanyar burji, mota na zamewa hagu da dama, har inda hanyar ta nutse. Ƙanena yana jira da kwalekwale. Muka ratsa ta kan gonakin da na yi wayo a cikinsu. Shinkafa duk ta nutse, sai kan dawa nan da can, sai rufin rumbuna, sai ciyawar kacala tana gogar jikin jirgi.

Na tarar da Baba kwance a ƙarƙashin tamfol. Tun kafin in ƙarasa na ji warin ƙafar. Ya buɗe ido ya dube ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata, ke kaɗai?"

"Alhaji na gaishe ka, Baba."

"Ina amsawa."

Aka ɗauko shi a tabarma zuwa jirgi, daga jirgi zuwa bayan a-kori-kura. Ba mu kaɗai ba ne. Akwai mata da yara, da tukwane, da awaki biyu a ɗaure, da buhunan hatsi da suka jiƙe suka fara tsami. Na ɗora kan Baba a cinyata. Duk ramin da muka faɗa sai ya cije leɓe. A wani wuri motar ta kafe, maza suka sauka suka tura, taɓo ya fantsamo mana har fuska. Na goge wa Baba da bakin mayafina.

Bayan azahar muka iso kwalta. A daidai wurin akwai wata makarantar firamare da waɗanda ruwa ya kora suka fake a ciki. Direba ya tsaya sauke mutane. Ina ɗaga kai sai na hango farar jif a harabar makarantar.

Murna ta kama ni. Na ce a raina, Allah sarki, ya sake tunani, ya zo tarbarmu. Har na buɗe baki zan gaya wa Baba.

Sai na lura da kyau. An jera kwalayen taliya da sabulu a gaban motar. Mata sun yi dogon layi a rana, an ce su jira. Wani mai kyamara yana kai da kawo. Mai doguwar hula kuwa ya tattare riga, ya tsuguna a bakin wani kududdufi yana kwasar laka a roba. Ya kawo ya yaɓa wa tayoyi. Ya koma ya ƙaro, ya shafa a ƙofofi, ya watsa a gefe da yatsu don ta yi kama da fantsamar hanya. Alhaji na tsaye a kansa.

"A hankali," na ji yana cewa. "Tace ta da hannu tukuna, akwai tsakuwa. Kar ka karce mini fenti."

Da aka gama da motar, Alhaji ya naɗe ƙafar wando, mutumin ya durƙusa ya shafa masa sauran lakar a ƙwauri. Sannan aka kira ta farko a layi. Wata tsohuwa ce 'yar ƙauyenmu, ƙawar mahaifiyata marigayiya. Alhaji ya miƙa mata kwali tana godiya. Mai kyamara ya ce hoton bai fito ba. Aka karɓe kwalin daga hannunta, aka gyara mata tsayuwa ta yadda tayar mai laka za ta fito, aka sake ba ta, ta sake godiya.

Na zame kan Baba daga cinyata na sauko.

"Alhaji."

Ya juyo a firgice. "A'a, Malama! Har kun iso? Ya jikin Baba?"

Ya taho da sauri bayan a-kori-kura, ya rusuna ya gaishe da surukinsa. Sai warin ya buge shi. Na ga ya ja da baya, hannunsa ya tafi hanci kafin ya tuna ya sauke.

"Daga nan kwalta ce har asibiti," na ce. "A mayar da shi cikin motarka."

Ya dubi ƙafar, da tsumman da aka naɗe ta da shi yana tsiyaya. Ya waiga ya dubi jif.

"Tunda ya riga ya kwanta, ɗaga shi ƙarin wahala ne. Ku wuce, ina bayanku."

Mai doguwar hula ya iso yana goge hannu. Bai san ko wane ne a kwance ba. "Ranka ya daɗe, ga dama! A ɗauke ka riƙe da tsohon nan. Mai hoto, zo nan!"

Na hau na rufe fuskar mahaifina da mayafi. Na ce wa mai kyamarar in ya matso sai na fasa ta. Ban san da wace murya na faɗa ba, amma ya tsaya. Tun safe ina zaune da warin ruɓaɓɓiyar ƙafa, da kashin awaki, da ƙarnin kifi, zuciyata ba ta tashi ba. Amma muna barin wurin na leƙa ta gefen mota na yi amai.

Can a hanya Baba ya janye mayafin daga fuskarsa.

"Uwata," ya ce, "ashe shi ma ya sha hanya. Kin ga yadda motarsa ta ɓaci?"

Na dube shi. Idonsa a rufe. Daga inda yake kwance ban san abin da ya gani ba, ban kuma taɓa tambayarsa ba.

A asibiti aka cire masa yatsun ƙafa biyu. Likita ya ce mun zo a kan gaɓa. Alhaji ya iso da la'asar, mota a wanke tas, ya sayi duk magungunan da aka rubuta, kuma har aka sallami Baba bai bar mu da rashin komai ba. Ba zan ɓoye wannan ba.

Hotunan suka zaga wayoyi. Malaman makarantarmu suka yi ta nuna mini. "Kai, maigidanki ya yi ƙoƙari, dubi har inda ya kutsa da sabuwar mota." Sai in ce to. Sau ɗaya na yi wa Alhaji maganar a gida. Bai ko ɗaga murya ba.

"An raba kayan ko ba a raba ba? Mutanen nan sun ci ko ba su ci ba?"

Sun ci. Amma tun daga ranar ban sake sa ƙafa a motar ba. Biki ko gaisuwa, adaidaita nake hawa, mu haɗu a can. Da farko ya yi fushi, daga baya ya saba, mutane ma suka daina tambaya.

Maganar takara ba ta je ko'ina ba. Tun kafin zaɓen fidda gwani aka ba wani tikitin, kuma a wannan makon, masu tabarma suka naɗe ta suka koma ƙofar wancan. Muna nan tare da Alhaji, ana gaisawa, ana cin abinci, 'ya'ya sun girma.

Baba ya zauna a wajenmu har ruwa ya janye. Da zai koma Alhaji ya ce zai kai shi, tunda hanya ta bushe. Baba ya yi godiya, ya ce ya riga ya yi alkawari da wani maƙwabcinsa mai kai buhuna, ba zai ji daɗin saɓa masa ba.

Da kaka na je duba shi. Na same shi a bakin sabuwar bukkarsa, ya miƙe ƙafar, yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi. Ya tambayi lafiyar jikokinsa, ya tambayi ta surukinsa. Da zan tafi ya sa aka ɗauko ƙunshin bandar tarwaɗa, ya zaɓo manyan da kansa.

"Ki kai wa Alhaji. Ki ce na gode da ɗawainiya."

Na kawo, na yi miyar kuka da shi, na ajiye masa. Alhaji ya ci, ya siɗe yatsu, ya jingina da bango. Ya ce kifin bana bai kai na bara maiƙo ba.