Na Bar Jidda Don Ƙuri'a Ɗaya

Shekarun baya masu nisa, tun Jidda ba ta wuce mutum ya ratsa ta da ƙafa ba, na yi wani abu da har yau tsofaffin abokaina ke tsokanata a kansa. Kwanan nan na ga kuna ta gardama a nan kan zaɓe, wasu na cewa ba za su wahalar da ƙafarsu zuwa rumfa ba, shi ya sa na ce bari in ba ku nawa labarin.

A Jidda aka haife ni. Iyayena a ƙasa suka taso daga wani gari a yankin Haɗeja, suna tafe suna yada zango a Sudan suna noma, har Allah ya kawo su. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, mahaifiyata ce ta rene ni da sana'ar waina da soyayyar gyaɗa. Da na girma na zama direba, ina jan motar wani ɗan kasuwa a unguwar Bagdadiyya. Larabci ya fi zama a bakina, Hausata kuwa duk ta cakuɗe da yalla da halas. A titi Takari ake ce mini, wato baƙo daga ƙasashenmu. In kuma alhazai suka zo daga gida suka ji maganata, sai su ce ga ɗan Larabawa. Kowa dai yana tura ni wajen ɗan uwansa.

Wani aikin hajji, saura kaɗan Turawa su bar Najeriya, maigidana ya ba da aron motarsa ga wani malami mai aiki a ofishin alhazanmu. Ni nake kai shi bakin jirgin ruwa in dawo da shi. Kullum in ya ɗauki baƙi, ba su da hira sai ta zaɓe. Rannan da muka rage mu biyu na kasa haƙuri.

"Ranka ya daɗe, wannan zaɓen da kuke ta magana, na mene ne?"

"Na majalisa ne, samari. Turawa za su tafi, waɗanda aka zaɓa su za su karɓi ƙasa."

"To ni ina ciki?"

Ya dube ni ya yi murmushi, sannan ya tambayi garin mahaifina. Da na faɗa sai ya gyara zama ya yi mini bayani. Ya ce a da sai mai biyan haraji ke yin zaɓe, kuma hawa-hawa ake yi: ƙauye ya fitar da wasu, su kuma su fitar da wasu, har a kai sama. Amma wannan karon kai tsaye ne. Sharaɗi shi ne mutum ya zama namiji, ya cika shekara ashirin da ɗaya, ya kasance ɗan ƙasar da ke ƙarƙashin Ingila, kuma rajista ta same shi yana zaune a can.

"Ta wajen mahaifinka kai namu ne," in ji shi. "Sai dai ƙuri'a ba ta hawa jirgi ta zo ta same ka a Jidda. Kai za ka je mata."

Ban san abin da ya shige ni ba. Ni dai ban taɓa jin wata hukuma ta ce da ni nata ne ba sai ranar. Tun kafin in ajiye shi na riga na yanke shawarar tafiya.

Wanda na fara gaya wa shi ne abokina, wani makanike ɗan Hausawan Sudan da muka tashi tare. Yana ƙarƙashin mota, da ya ji sai ya turo kansa waje, fuska duk baƙin mai.

"Kai majanuni ne? Maigidanka ya ce zai tsaya maka ka sami tabi'iyya, ka zama ɗan ƙasar nan kamar kowa. In ka karɓi takardar Ingila ka fita, halas, ka zama baƙo. Ko ka dawo sai da iƙama, takardar zaman baƙi, sai da kafili mai tsaya maka."

"Na sani."

"Ka san wanda za ka zaɓa?"

"Ban sani ba tukuna."

"Ka san ma hanyar garin?"

"Baki ne hanya, zan tambaya."

Ya girgiza kai ya koma ƙarƙashin motarsa yana faɗin Allah ya shirya. Gaskiyarsa ce, kuma ni ma na san gaskiyarsa ce. Amma in zuciya ta ɗaura sirdi, wuya ne a kwance mata.

Babban dutsen shi ne mahaifiyata. Da na gaya mata, ko kallona ba ta yi ba.

"Ba inda za ka. Hanyar nan na san ta, ta cinye mini 'ya kafin a haife ka. Ubanka ga shi kwance a ƙasar nan. Kai kaɗai gare ni, don takarda ɗaya za ka sa ni zaman makoki?"

Ban yi mata musu ba, ban kuma fasa ba. Na ci gaba da zirga-zirga ofishin alhazai ina neman takardar tafiya. Yau a ce in kawo wanda ya san mahaifina, gobe a ce mai sa hannu ya tafi Makka. Na nemo wani tsoho mai sayar da ruwa da suka yi hanya tare da iyayena, ya zo ya yi shaida. Har masu gadin ofishin suka saba da ni, in sun hango ni sai su ce ga ɗan majalisa nan ya iso. Takarda ta fito, amma na yi wa kaina alkawari ba zan taka jirgi ba sai da albarkar mahaifiyata. Kullum da safe sai in je in zauna gefen kaskonta, in hura mata wuta, in sake roƙo. Kullum amsa ɗaya ce.

Wata safiya, jiragen alhazai sun fara komawa, tana juya waina sai ta ce, "Wai su wa da wa aka ce za su yi zaɓen nan?"

Na lissafa mata yadda malamin ya faɗa mini. Da na ce namiji, sai tsinken ya tsaya a hannunta.

"Namiji? Mata fa?"

"An ce a Kudu mata na yi, Umma. Amma a Arewa ban da su."

Waina ta fara ƙauri. Ta kwashe ta, ta zuba wani ƙullun, sannan ta juyo.

"Wato ni da aka binne cibiyata a can, na yi noma a can, na daka hatsin da aka biya harajin Turawan da shi, ba na ciki. Kai da ko ruwan rijiyar garin ba ka taɓa kurɓa ba, kana ciki."

"Haka suka tsara, Umma. In ranki bai so ba, sai in haƙura."

"Ka haƙura? Gidan nan mutum ɗaya suka yarda su ƙirga, shi ma sai ya zauna? Tashi ka haɗa kayanka. In ka shiga wurin, ka sani mu biyu ne."

A bakin jirgi ba ta yi kuka ba. Ta dafa kaina ta yi addu'a, ta maimaita mini sunan ƙanin mahaifina da unguwarsu, ta juya ta tafi tun ba a ɗaga tsani ba.

Ba zan cika ku da labarin hanya ba. Jirgin ruwa ya sauke mu a Sudan, muka hau na ƙasa, daga nan sai manyan motoci da ke kafewa a rairayi mu sauka mu tura. Ni da nake taƙama da tuƙi, na fi kowa tura mota a tafiyar nan. Na isa garinmu a rame, da jaka ɗaya da zazzaɓi.

Baffana, ƙanin mahaifina, yana zaune a zaure na yi sallama. Ban gama faɗin ko ni wane ne ba ya miƙe yana salati. Ya ce tsayuwata kawai ya gani ya ɗauka yayansa ne ya dawo. Ya karɓe ni hannu biyu, ya kuma miƙa mini lauje, don kaka ce. Nan na gane jan mota ba aiki ba ne. Hannuna ya yi kanta, yaran gida suna bina suna kwaikwayon maganata, har suka laƙaba mini Yalla. Na daure, don zaman nan shi ne sharaɗin.

Da lokacin rajista ya zo, aka kafa tebur a ƙofar gidan mai unguwa. Malamin rajista yana zaune, wakilan jam'iyyu suna tsaye suna sa ido. Layi ya zo kaina, malamin ya tambayi sunana da shekaruna. Ina buɗe baki wani wakili ya ɗaga hannu.

"Tsaya, malam! Wannan ba ɗan ƙasa ba ne. Ku ji harshensa mana. Ɗan Sudan ne aka ɗauko haya."

Malamin ya ajiye alƙalami. "Samari, ina aka haife ka?"

"A Jidda, ranka ya daɗe."

"Kun ji ko!" in ji wakilin.

Na tuna teku da rairayi da tabi'iyyar da na bari. Amma na ce a raina ba zan matsa daga gaban teburin nan ba. Na ɗaga murya da karkatacciyar Hausata na ce, "A Jidda aka haife ni, amma ubana ɗan unguwar nan ne. An ce ɗa yana bin ubansa. Tun kaka nake nan ina aiki a gonar gidanmu. In akwai sharaɗin da ban cika ba, a faɗa mini shi in ji."

Kafin malamin ya amsa, baffana ya ratso mutane da sandarsa. Ya faɗi sunan mahaifina da na kakana, ya nuna gidan da aka haife su. Wani tsoho daga baya ya ce shi ya raka iyayena har bakin kogi ranar da suka tashi. Malamin ya dubi mai unguwa ya ce, "To, ɗan ina ne?" Mai unguwa bai kai ga magana ba jama'a suka amsa, "Namu ne!" Har da yaran da ke tsokanata. Wakilin ya sauke hannu, aka rubuta ni.

Ranar zaɓe na sa farar tufata ta Jidda. Aka ba ni 'yar takarda, na shiga bayan asabari, ga akwatuna jere, kowanne da alamar ɗan takararsa. Na riga na zaɓi nawa, wani malamin makaranta da na ji yana magana a kasuwa kan asibitin haihuwa. Na tsaya na yi bisimilla, na tuna mahaifiyata, na jefa. Abin da na yi wa wannan doguwar tafiya bai kai tsawon shan kofin shayi ba. Na fito ina jin kamar in koma in sake.

Baffana ya so in zauna, har ya nuna mini fili. Na ce na bar tsohuwa ita kaɗai. Na bi alhazan shekarar da ta biyo baya na dawo, kuma yadda abokina ya faɗa haka aka yi: na shigo garin da aka haife ni a matsayin baƙo. Tsohon maigidana ya zama kafilina, Allah ya saka masa.

Na sami mahaifiyata a gaban kaskonta. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce na yi baƙi.

"Ka jefa?"

"Na jefa, Umma."

"Wa muka zaɓa?"

Na ba ta labarin malamin da asibitinsa. Ta gyaɗa kai ta ce ban yi zaɓen banza ba.

"Ya ci?"

"Bai ci ba, Umma. Ya sha ƙasa sosai."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan dariyar ta juye kuka, kukan da ta hana kanta a bakin jirgi. Ta jawo ni ta zaunar, ta cika mini kwano da waina.

Yau ina zaune a unguwar Bani Malik a nan Jidda, na tsufa da iƙama a aljihu. Abokina ya sami tabi'iyyarsa, 'ya'yansa sun yi nisa, kuma duk sallah in mun haɗu sai ya ce, "Ina ɗan majalisa?" Ba zan yi muku ƙarya ba, akwai ranakun da nake tsaye a layin sabunta takarda in ce da ma na ji maganarsa. Jikokina ma, da Hausa ta fi sauƙi a kunnensu fiye da bakinsu, sukan tambaye ni da Larabci ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Abin da nake gaya musu shi ne, waɗanda suka tsara dokar nan ba da ni suka yi shawara ba, ba kuma adalci suka yi wa mahaifiyata ba. Amma 'yar ƙofar da suka bari, na shiga ta da ƙafata. Ɗan takarata ya faɗi, ni ban faɗi ba. Na tafi ban san ko ni ɗan ina ba ne, na dawo gari guda ya amsa mini. Ku da rumfa ke bayan gidanku, maza da mata, ba teku ba rairayi, ku tashi ku je.